Rasuwar Sai-da-Lallashi

Da zuciya cike da baƙin ciki, har ta yi mana nauyi a ƙirji, mu mutanen gidan da ke saman gangara muke sanar da 'yan'uwa, da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa sa kafaɗarsa ya tura, cewa Sai-da-Lallashi ta rasu. Ga wanda bai san ta da wannan suna ba, ita ce tsohuwar a-kori-kurar surukina Baba, mai shan gas, wadda a takarda aka rubuta fara ce, amma babu mai rai da ya taɓa ganin farin. Ta cika ranar Talatar makon jiya da sassafe, a gefen titi, kafin a kai asibitin yara. Ba ta yi jinya ba. Da ƙafarta ta fita daga gida.

Baba ne ya kamata ya rubuta wannan sanarwa, to shi har yau ba ya iya ɗauko zancenta. Mijina Tela kuwa, in ya ɗauki biro sai ya mayar ya ajiye. Shi ya sa abin ya faɗo kaina, ni da ban yi nisa a boko ba, ina rubutu da hannu ɗaya, ɗayan yana tallafe da Kumatu. Kumatu 'yata ce, ta fari. Na san nan ba wurin faɗa ba ne, amma wallahi ta fara riƙe wuyanta, kuma in ka tafa hannu sai ta juyo ta neme ka da ido. To. A koma kan marigayiya.

Babu wanda ya san shekarunta. Ta girmi Tela, wannan kam kowa ya yarda. Baba ya same ta a hannun wani, wanda shi ma ya same ta a hannun wani, kuma tun a lokacin ana ce mata tsohuwa. Mai haƙuri ce, mai rufin asiri. Ba a taɓa ɗora mata kaya ta ce ya yi yawa ba, sai dai ta ɗan durƙusa ta baya, ta yi nishi, ta tafi. Ita ta kwaso bulon ɗakin da nake kwana a ciki. Ita ta kawo keken ɗinkin Tela ranar da ya buɗe shago. Ta ɗauki buhuna, ta ɗauki awaki, ta ɗauki gadon mutanen da maigidan haya ya kora, ba ta faɗa wa kowa ba. Kuma ita ce ta kai Inna, mahaifiyar Tela, asibiti a ciwonta na ƙarshe, ta dawo da Baba shi kaɗai. An ce ranar ya daɗe zaune a cikinta a ƙofar gida, bai kashe inji ba, ba wanda ya iya ce masa ya fito. Tun daga nan, abin da Baba ba ya faɗa wa mutum, ita yake faɗa wa.

Aibinta ɗaya ne, kuma ba ma so a ɓoye shi don ta mutu. Ba ta son sanyi. Da zafi, ka taɓa makulli ta amsa. Amma da sanyi ya shigo, sai ta zama wata iri, daga nan ne ma ta samo sunanta.

Baba ya san halinta kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Da la'asar sakaliya zai ajiye ta a saman gangara, hancinta yana kallon ƙasa, ya sa mata dutse a gaban taya. Ya ciro batir ya rungume shi zuwa ɗakinsa, don batir ɗin yana da tabarmarsa ta kansa a gefen gado. Ya dawo ya lulluɓe mata bonet da bargo mai ruwan ƙasa, ya soke gefe da gefe kamar ana kwantar da mara lafiya. Da asuba kuma, kowa yana dunƙule, shi ya tashi. Ya hura wuta, ya ɗora babbar butar ƙarfe, ya tafasa ya kai mata, ya dawo ya sake ɗorawa. Mu muna cikin bargo, sauti kawai muke ji: ƙarar murfin buta, takunsa a tsakar gida, tarinsa. Mun san yana ba ta ruwan zafi. Tela yana cewa shayinta ne. Iyakar saninmu ke nan.

Sai ya shiga ya zauna. Ya murɗa makulli rabi, ya jira 'yar fitilar nan ta mutu. Ya mayar, ya sake murɗawa rabi, ya sake jira. Sannan ya shafa sitiyari ya ce, "To, Hajiya, bismilla."

Ita kuma ta ce, "Rrr… rrr… rrr."

"Haba, tsohuwa. Kowa ma sanyin yake ji."

"Rrr… rrr… uhu. Uhu-uhu."

"Ko don ni."

Sai ka ji "gwaf!", farin hayaƙi ya cika tsakar gida, sannan muryar da muka sani: "gudu-gudu-gudu-gudu." Ran da ta ƙi kuwa, sai a janye dutse. Mai Shayi na bakin layi ya bar tukunyarsa ya zo yana mita, "Baba, wannan fa ba mota ba ce, surukuwa ce," a tura ta gangara, Baba ya saki kuloci, ta zabura ta kama.

Tagar ɗakina tana daidai inda take kwana. Ina da cikin Kumatu, da marigayiya ta ce gudu-gudu sai in ji an shure ni daga ciki. Da aka haife ta kuwa, sai ta tsiri kukan asuba, ba nono, ba goyo, ba jijjigawa. Amma inji yana kamawa, sai ka ga idonta ya yi lumshe-lumshe, ta saki hannu, ta tafi. Baba ya riƙa cewa, "Wannan yarinya fasinjata ce tun kafin ta ga duniya."

Yanzu ga yadda ajali ya zo, don mutane suna ta faɗar abin da ba shi ba.

Sanyin bana ya kama Baba a ƙirji. Tari ya ƙi tafiya, hannuwansa duk suka tsattsage. Wata safiya Tela ya leƙa ya gan shi zaune a ƙasa, ya jingina da taya, buta a gefensa, yana jiran jiri ya sake shi. Tela ya ce, "Baba, ka bari a kai ta a duba." Baba ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Sanyi ne, kuma ba a kai sanyi gareji." Ni kuwa na san Tela, in ka ga yana cizon zare, wani abu yake ƙullawa.

Ranar Litinin da rana ya ce wa Baba zai ari motar ya ɗauko yadi. Ba yadi ya je ɗauka ba, wurin Bakanike ya kai ta. Bakanike ya kwance hita, waɗannan 'yan ƙarafa da ke ɗumama cikin inji kafin a tayar, ya ce sun daɗe da mutuwa, guda ɗaya ce kawai take ɗan motsi, ita ma don kunya. Ya sa sababbi. Ya canja matatar gas, ya kankare bakin wayoyin batir, ya ba Tela sabon batir. Ya buɗe lagireto suka leƙa tare, ruwa cike har wuya. Ya ce, "Gobe bugu ɗaya, ko ƙanƙara ake yi." Tela ya dawo ya ajiye ta a wurinta, ya ɓoye sabon batir a ƙarƙashin gadonmu, ya kwana yana murmushi. Abin da yake so ɗaya ne tak: mahaifinsa ya yi barcin safe, ko sau ɗaya, har rana ta fito ta same shi a gado.

Talata ce ranar rigakafin Kumatu. Tela ya riga Baba fita, yana sanɗa. Ya yaye bargo, ya ɗaura batir, ni na shiga da yarinya na zauna. Ya murɗa makulli rabi, fitila ta mutu, ya ƙarasa.

Jama'a, ba ta ce rrr ba. Ba ta yi tari ba. Ba ta jira a ce mata ko don ni ba. "Gudu-gudu-gudu-gudu," kamar wadda dama ido biyu take tana jira. Na yi ihu har na toshe bakina. Tela ya dube ni, fuskarsa kamar ta yaron da ya ci jarrabawa. Ya ce, "Mu tafi kafin ya fito, in mun dawo ya ji labari."

Mun fara gangarawa ke nan na hango Baba a madubi, madubin da ya rage. Ya fito ba hula, ba takalmi, buta a hannu ɗaya, ɗayan hannun yana ta ɗagawa sama, yana biyo mu da gudun da ban taɓa sanin yana da shi ba. Bakinsa a buɗe, amma wa ke jin magana a cikin marigayiya?

Tela ya ce, "Kin gani? Murna yake yi!"

Ni kuma na kama ɗan hannun Kumatu na fitar ta taga, na ce, "Ɗaga wa Kakanki hannu." Muka ɗaga masa. Muka sha kwana.

Abin da ba mu sani ba, kuma babu wanda ya sani a duk gidan, shi ne wannan. Kullum da yamma a lokacin sanyi, in Baba ya sunkuya yana soke bargo, yakan miƙa hannu ƙasa ya buɗe wani ɗan famfo, ya zubar da ruwan cikinta duka. Wai kada ta kwana da ruwan sanyi a ciki. Ruwan yakan bi wata 'yar hanya da ya tona, ya tafi gindin bishiyar lemun tsami. Ruwan zafin asuba ba shayi ba ne. Shi ne ruwanta gaba ɗaya, shi ke ɗumama ta ta ciki, shi ke riƙe ta har yamma. Shekara da shekaru, ƙin tashinta ne ke tsare ta, don ba ta motsi sai Baba ya zo da buta. Ran da ta tashi bugu ɗaya, ta tashi ne da ciki babu komai.

Kuma ta yi tafiya, Allah Ya sani. Ta yi gudu sakayau kamar budurwa, har Tela ya wuce wata sabuwar mota yana dariya. Wayarsa tana ta tsalle a aljihu, bai ji ba. Allurar da ke nuna zafi ta rasu tun kafin a kawo ni gidan, ba mai gargaɗi. Ni ce na fara jin ƙauri, irin na tukunyar da aka manta a wuta. Sai muryarta ta sauya. "Kaf-kaf-kaf-kaf." Ta ja mu a hankali, ta fitar da mu daga tsakiyar titi, ta kai mu gefe inda babu haɗari. Ta ce "ƙiii." Shi ke nan. Ko a ƙarshenta ba ta wulaƙanta mu ba.

Tela ya ɗaga bonet, zafi ya mayar da shi baya. Ya sa tsumma ya buɗe lagireto, ya leƙa, ya sake leƙawa. Ƙaf. Yana tsaye a haka Baba ya iso a bayan babur, har yanzu ba takalmi, har yanzu da butar a hannu, ruwan ya huce a hanya. Ya sauka, ya kai tafin hannunsa kusa da injin, ya janye. Ya ajiye butar a ƙasa a hankali.

Tela ya ce, "Baba, jiya na duba ruwan da idona."

Baba ya ce, "Jiya."

"To me ya sa ba ka taɓa faɗa mana ba?"

Baba ya dube shi, ya dubi motar. Ya ce, "Ban san akwai ranar da za ta tashi ba ni ba."

Bakanike ya zo ya gwada juya injin da ƙarfe, ya ƙi ko motsi. Ya cire hularsa ya ce, "Baba, sai haƙuri. Ya haɗe, kan ma ya tsage. Irin nata kuma an daina yi." An jawo gawar gida da igiya. Ni na ƙarasa asibiti a ƙafa, kuma don kada a ce ban faɗa ba, Kumatu ta sha allurarta, kuka ɗaya ta yi ta haɗiye, har ma'aikaciyar ta ce wannan jaruma ce.

Waɗanda suka riga marigayiya tafiya sun haɗa da allurar zafi, da hon, da madubin hagu, da marikin ƙofar fasinja wanda igiya ta gaje shi. Ta rasu ta bar Baba. Ta bar Tela, wanda tun ranar bai ci abinci ya ƙoshi ba. Ta bar bargo, da buta, da dutse. Ta bar tsohon batir, yana nan a kan tabarmarsa, ba wanda ya iya faɗa masa. Ta bar Mai Shayi, wanda ya zo ta'aziyya yana cewa shi ne ya fi kowa zaginta, kuma ga shi yanzu da asuba bayansa yana neman abin turawa. Ta bar bishiyar lemun tsami, ita kaɗai da ta san sirrin, ganyenta har ya fara lanƙwashewa.

Amma gaskiya, ba motar ce ta fi ba ni tsoro ba. Baba ya shiga ɗaki ya ƙi fitowa. Tela yakan durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Baba, ina kwana," a ce masa "Lafiya," a tsaya nan. Ba faɗa, ba zagi, da ma zagin aka yi da ya fi sauƙi. Tela ya je shago ya ɗinke wa wani bakin hannun riga ruf, bai lura ba. Kumatu kuma da asuba ta yi ta tsala kuka tana jiran muryar da ba za ta zo ba, Kakanta yana ji ta bango, bai ce a kawo ta ba. Na ce a raina, shi ke nan, mota ta tafi da mutum biyu, ta bar mini gida da baƙi biyu masu gaisawa.

Sai shekaranjiya da asuba na ji ƙarar murfin buta.

Na leƙa. Baba ne. Jiki ne ya tashe shi, ba shi ya tashi ba. Ya hura wuta, ya tafasa, ya ɗauko, sai da ya iso gaban gawar sannan ya tuna. Ya tsaya. Tururi yana tashi daga bakin butar, shi kuma yana tsaye, ba gaba ba baya, kamar wanda ya kai saƙo gidan da aka tashi.

Kumatu tana kafaɗata tana ta ihu. Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Na ce, "Baba, ruwan nan da mai shi?"

Na koma na jawo bahon wankanta na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallon bahon. Sannan ya tsuguna ya zuba, ya sirka da na sanyi, ya taɓa da bayan hannu kamar yadda yake taɓa bonet, ya ƙara sirkawa. Na yi mata wanka yana riƙe da fitila. Na ɗauko bargon marigayiya, wanda na wanke har hannuna ya yi ja, na naɗe ta. Ba ta daina kuka ba. Sai ya miƙo hannu.

Ya zauna a kan dutsen taya, ya kwantar da ita a ƙirjinsa. Ya ce, "To, Hajiya, bismilla." Ya yi ƙasa da murya ya fara, "Rrr… rrr… rrr." Tarinsa na gaske ya taso ya shiga ciki, "uhu-uhu," ya yi daidai kamar an auna. Kumatu ta rage murya, amma ba ta bari ba.

Tela yana tsaye a ƙofar ɗaki, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Baba bai waiwaya ba. Ya ce, "Kai. Ba ka ga ta ƙi tashi ba? Zo ka tura mana."

Tela ya zo. Ya sa hannu biyu a kafaɗun mahaifinsa, ya tura shi gaba a hankali, ya dawo da shi, ya sake turawa. Baba ya ce "gwaf!", sannan daga can cikin ƙirji, "gudu-gudu-gudu-gudu."

Ta yi dariya! Wallahi tallahi ta yi dariya, mai sauti, ta farko a duniya, baki buɗe ba haƙori ko ɗaya! Na faɗa wa Mai Shayi, na faɗa wa mai kawo ruwa, na kira gidanmu na faɗa, yanzu ga shi na faɗa muku. Bayan dariyar idonta ya yi lumshe-lumshe, ta saki hannu. Su biyun ba su tsaya ba. Ɗaya yana turawa, ɗaya yana gudu-gudu, hawaye yana bin gemun wannan, yana ɗiga daga hancin wancan, har rana ta fito.

Za a yi jana'izar marigayiya ranar Asabar da hantsi, in Allah Ya kai mu. Mai sayen tsofaffin ƙarafa zai jira a ƙasan gangara. Ya ce zai kawo motar ja har ƙofar gida, Baba ya ce a'a, ba za a fitar da ita kamar ɓarauniya ba, da ƙafarta za ta sauka. Don haka duk wanda ya taɓa tura ta, ya zo ya yi na ƙarshe. Mai Shayi ne zai janye dutse. Sitiyari kuwa, wanda Baba bai taɓa bar wa kowa ba ranar turi, ya ce Tela ne zai riƙe, shi zai zauna a gefensa.

In an sauke ta, za a cire kujerar gaba, ta zauna a gindin lemun tsami, wanda yanzu yake shan ruwan wankan Kumatu, kuma ya fara miƙewa. Ana roƙon masu zuwa kada a yi hon a layin. Kada a zo da shawarar gyara. Kada kowa ya ce da an sani, an riga an faɗe ta a gidan nan har ta ƙare.

Ana karɓar gaisuwa kullum daga hantsi zuwa la'asar. Don Allah kada a zo da asuba. Lokacin Baba yana da aiki, Tela yana turi, kuma butar farko da mai ita.

Allah Ya ba mu haƙurin rashi.